Matoya a Tsakiyar Landan

Ɗakin da na kama tun ina gida babu shi a duniya. Na sauka a tashar Stratford da akwati biyu da jakar leda cike da kilishi da garin kuka, na bi adireshin da dillali ya turo mini a waya, sai na tarar da shagon wankin kaya. Na zagaya baya, babu ƙofa. Na kira lambarsa, a kashe. Mai shagon, wani Baturke mai gashin baki, ya dubi hoton ɗakin a wayata ya girgiza kai, ya ce ba ni ce ta farko da ta zo masa da wannan hoton ba. Ya ba ni kujera, ya ba ni shayi a ɗan mitsitsin kofi. Ban yi kuka ba. Fushi ne ya cika ni har wuya, kuma ni idan na yi fushi ba na iya haɗiye shi, sai na faɗa da ƙarfi ko da bango nake gaya wa.

"Allah ya isa tsakanina da kai, ɓarawon banza ɓarawon wofi!"

"Kai! Wane ne yake zagi da Hausa a nan?"

Na waiga. Wata mata ce gajera mai ƙiba, da mayafi a kan rigar sanyi, tana ninke kayan jarirai. Ta ce sunanta Adiza, daga zangon Kumasi, kowa Mma yake ce mata. 'Yarta ce ta haihu a unguwar, ta zo taya ta wanki. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne a bakinta. Ta saurari labarina tana tsaki, da na gama ta miƙo mini kwandon wankin.

"Riƙe wannan. Ina da ɗaki a Camberwell, ƙarami ne, amma yana da ƙofa. Ka iya wanke-wanke?"

Na ce na iya. Haka na sami gida a Landan, da kwandon kayan jariri a hannu.

Sunana Hajara, a gida Hajjo. Na zo yin digiri na biyu a ilmin tono kayan tarihi, da tallafin karatu na shekara ɗaya tak, kuma izinin zamana a ƙasar a jikin karatun yake ɗaure. In karatun ya tsinke, jirgi zan hau. Akwai kuma abin da ban rubuta a kowace takarda ba. Innata maginiyar tukwane ce, kakata ma haka, yayata Asabe ma haka. A makarantar kwana 'yan ajinmu sun ga Inna ta zo ziyara da yumɓu a farce, daga ranar sunana ya koma 'Yar Tsingaro. Tun daga nan duk wanda ya tambaye ni sana'ar uwata sai in ce 'yar kasuwa ce. Ba ƙarya ba ce, tana kai tukwane kasuwa duk Laraba, amma ni na san abin da nake ɓoyewa. Idan na zo hutu Inna ta ce in zo matoya, wato filin bayan gari inda ake gasa tukwane, sai in ce ina da karatu.

Makonnin farko sun ba ni wuya. Rana takan leƙo kamar mai jin kunya ta koma. Na shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta ɓangaren da ba shi ba har sau uku, sau ɗaya ma sai da na kai ƙarshen layi ina jiran a kira sunan tashata. Na gaishe da mutane a bas suka dube ni kamar na roƙe su wani abu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne rashin ƙasa. Ko'ina kwalta, ko'ina siminti, mutum ya yini bai taka ƙasa ba. Ni da na yi shekaru ina gudun laka, sai ga ni ina tsayawa a bakin ramin da masu gyaran famfo suka haƙa a titi ina leƙen kalar ƙasar ciki. Mma Adiza kan dawo daga aikin shara a babban asibitin unguwar ta same ni na ƙudundune a jikin hitar ɗumama ɗaki, ta ce, "Tashi ka ci abinci, sanyi ba ya jin tausayin mai yunwa." Shinkafa da wakenta da baƙin yaji su suka riƙe ni.

Sai ranar da Dakta Margaret ta kai ni ɗakin ajiya.

Ita ce malamar da ke duba aikina, doguwa, mai furfura, ba ta son dogon zance. Ta ce in riƙa kiran ta Margaret kawai. Haba! Matar da ta girmi Innata? Bakina ya ƙi, har yau Dakta nake ce mata. Muka sauka ƙarƙashin ginin jami'a, ta buɗe wata ƙofar ƙarfe, ta kunna fitila. Akwatuna ne jere har rufi. Ta ce duk daga kan wani tudu suka fito a tsakiyar Italiya, inda mutanen da ake kira Etruska suka zauna tun birnin Rum bai zama komai ba. Ita da abokan aikinta suka tono su tun tana budurwa, an ba da aronsu don nazari, kuma a ƙarshen shekarar karatu za a mayar da su. Aikina shi ne in auna, in zana, in rubuta bayanin abin da ke cikin akwatuna goma daga ƙasan ramin, wato daga zamanin da aka fara zama a tudun, shekara dubu biyu da ɗari bakwai ko fiye.

Ta fara nuna mini na zamanin baya-baya, lokacin da garin ya yi arziki. Wani ɗan kofi baƙi wuluk, mai sheƙi, siriri kamar ɓawon ƙwai. Wallahi na kasa ɗauke ido daga kansa. Na zaci fenti ne, ta ce a'a, baƙin har cikin naman yumɓun yake, hayaƙi ne ya shige shi. Na kusa cewa na sani, haka Inna take yi da ƙaiƙayin gero. Na danne bakina.

Sannan ta buɗe nawa. Waɗannan ba su da kyan wancan. Masu kauri ne, ginin hannu, ruwan ƙasa da baƙi-baƙi, an goge bayansu da dutse. Na ɗauki ɗaya na juya cikinsa, sai ga shatin yatsa inda maginiyar ta danne bakin tukunyar. Na sa nawa yatsan a ciki ya zauna daram. Na ji kamar in yi guɗa a cikin ginin mutane.

Dakta ta kafa mini doka ɗaya, ta maimaita ta sau biyu. Kowace leda daga rami guda da zurfi guda ta fito. Leda ɗaya ake buɗewa, a gama da ita, a rufe, sannan a taɓa wata. Ta ce tsingaron da aka manta inda ya fito ya zama shara. Na ce na ji. Ta ba ni makulli.

Mako biyar na yi ina bin dokar nan sau da ƙafa, kuma ban taɓa jin daɗin aiki irin na lokacin ba. Da safe har gudu-gudu nake yi zuwa tashar bas. Ina dawowa in cika wa Mma kunne da labarin mutanen tudu: bukkokinsu na kara da yaɓe, duwatsun saƙarsu, 'yan kasaken da suke dafa wake a ciki. Takan ce, "To, mutanen nan naka sun biya maka kuɗin bas?" In yi dariya in ci gaba.

A akwati na tara na yi ɓarna.

A jikinsa an rubuta cewa kayan gobara ne. Dakta ta riga ta gaya mini labarin, don a kansa ta yi suna. A gefen tudun sun tarar da toka mai kauri cike da ƙonannen tsingaro, ta ce alama ce abokan gaba sun ƙone ƙauyen farko. Na buɗe leda ta farko, na zazzage a tebur. Abin da ya fara gangarowa wani ɗan faifai ne kamar kwabo, mai tudu a tsakiya, siriri a baki. Na tsaya ina kallonsa. Na san shi. Idan aka sa tukunya a wuta ba ta gama bushewa ba, ruwan cikinta yakan tafasa ya ɓalle wani yanki ya yi tsalle, tau! A gidanmu cewa muke tukunya ta yi harbi. Ina ƙarama ni nake tsince irinsu a toka ina wasan 'yar carafke da su. Tukunyar da ta riga ta gasu ta yi shekaru a ɗaki ba ta cika yin irin wannan ba.

Sai ga manyan tsingaro masu faɗin tafin hannu biyu, kalarsu ta rikice, nan ja, nan toka-toka, nan fari-fari, har bakin karayar ya canja kala. Inna ba ta zubar da fasasshiyar tukunya. Manyan tsingaron takan tara su gefe, ranar gashi ta jera sababbin tukwane ta lulluɓe su da su, don wuta ta zauna a ciki kada iska ta buge su. Ɓari ɗaya sai ya sha wuta sau goma. Ga su nan a gabana, a Landan, da lambar Turawa a jiki.

Daga nan hankalina ya bar jikina. Ban san lokacin da na buɗe leda ta biyu ba, da ta uku, har ta shida. Hannuna ne kawai yake aiki, yana yin abin da ya saba gani a tsakar gidanmu: na marfin wuta nan, masu harbi nan, ƙananan da za a daka a zuba a sabon yumɓu can. Ina ƙwanƙwasa kowanne da farce ina saurare. Wanda na yi shakka in ɗora shi a harshe, don wanda bai ji wuta sosai ba yakan kama harshe. Ina yi ina magana da maginiyar ni kaɗai, "Ke baiwar Allah, gaggawar me kike yi haka?"

A haka Dakta ta shigo ta same ni, leda shida a wofi, tsibi uku a tebur, da tsingaron Etruska a bakina.

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ce in ajiye abin da ke bakina. Muka yini muna mayar da su ta lambobin da aka rubuta musu da tawada. Guda goma sha ɗaya ƙanana ba su da lamba, ledarsu ce kaɗai shaidarsu. Har yau babu wanda ya san daga wane rami suka fito, kuma ba za a taɓa sani ba. Sun yi shekara dubu biyu da ɗari bakwai a inda suke, ni na ɓatar da su cikin rabin awa. Wannan laifina ne, ban da abin cewa a kansa.

Ta miƙo hannu, na sa mata makullin. Ta ce dole ta kai maganar gaban kwamitin sashe, za su zauna nan da mako uku, kuma ɗalibin da aka hana shiga ɗakin ajiya ba shi da abin da zai rubuta. Na fahimci abin da take nufi. Har ta juya, sai ta tsaya tana kallon tebur.

"Me ya sa tsibi uku?"

Na ce, "Dakta, ba yaƙi ba ne. Wurin gasa tukwane ne."

"A wane littafi kika karanta?"

Nan fa. Na ji muryar 'yan ajinmu a kunnena. Na ce, "Ba a littafi ba ne. Uwata maginiyar tukwane ce. A cikin irin wannan tokar na girma."

Ta ce ita ba ta aiki da labari, in ina da gaskiya in kawo mata abin da za ta riƙe a hannu ta gwada da nata kafin kwamiti ya zauna.

A bas na yi kukan da ban yi a Stratford ba. Wata tsohuwar Baturiya ta miƙo mini alewa. Da na isa gida Mma ta ji zancen, ta riƙe haɓa.

"Ka sa kayan Bature a baki? Taɓɗi! To yanzu me malamin nan naka yake so?"

"Sai na gina tukwane na gasa su irin na gida, ta ga ɓarnar da wuta ke yi da idonta. A ina zan sami yumɓu a garin nan, Mma? A ina zan hura wuta ba a kira mini 'yan sanda ba?"

Ta yi wata irin dariya. Ashe tana da ɗan lambu da council, wato hukumar unguwa, ke ba mutane haya, allotment suke ce masa, inda take shuka alayyafo da barkono da bazara. Ta ce ƙasar wurin ta ishe ta, in an yi ruwa sai ta cire mata takalmi. Kuma da sanyi an yarda a ƙona busasshen ciyayi da rana. Washegari muka je. Na tona da cebur ɗinta kamu biyu, sai ga shi, ruwan ɗorawa, mai danƙo. Na murza a tafin hannu na yi igiya da shi na lanƙwasa, bai tsage ba. Na yi tsalle na rungume Mma da hannun laka, ta yi ta zagina.

Saura abu mafi wuya, kiran Inna. Na kira wayar Yaya Asabe na ce ta haɗa ni da ita ta bidiyo. Bayan gaisuwa na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Inna, idan yumɓu ya cika danƙo, yaya ake auna tsingaron da za a zuba?"

Ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar.

"Asabe, wa kika kira mini? Wannan ba Hajjo ba ce."

"Inna, don Allah."

"Ikon Allah. To, ɗebi uku na yumɓu, ɗaya na dakakke. Ki cuɗa har ya daina kama miki hannu. Turawan ne suka rasa tukunya?"

Ban gaya mata ana shirin kora ta ba. Na ce aikin makaranta ne.

Babu tsingaro, sai fasassun tukwanen furanni da maƙwabtan lambu suka zubar. Babu turmi sai na sakwarar Mma, wanda ta taho da shi tun daga Kumasi. Ta ce ko gawarta ba za ta yarda ba. Bayan sallar la'asar ita da kanta ta mirgino shi ta ce in shimfiɗa tsumma a ciki, in ya tsage kuma in nemi jirgin Kumasi. Babu 'ya'yan kuka na goge bayan tukunya, na zagaye shagunan Lewisham kaf, kowa garin yake sayarwa, sai na koma bayan cokali. Na gashi ma babu kara, babu kashin shanu, babu ƙaiƙayi. A wani shagon kayan dabbobi na sami busasshiyar ciyawa da garin katako da ake shimfiɗa wa zomaye. Mai shagon ta ga yawan abin da na ɗauka ta tambaye ni zomaye nawa gare ni. Na ce mata suna da yawa.

Hannuna ya manta fiye da yadda na zata. Tukunyar farko ta zauna kamar an taka ta. Ta huɗu ta fara kama da abin arziki. Na gina goma sha takwas a kicin ɗin Mma, 'yan madaidaita irin na tudun, na jera su a kan kowace hita a gidan har da ta banɗaki. Shida daga ciki na ɓoye su a leda da gangan don kada su gama bushewa.

Gashin farko ruwa ya kashe shi. Na zauna a kan bokiti ina kallon hayaƙi yana mutuwa, tukwane huɗu suka tafi a banza. Wani dattijo mai lambun kusa, wanda tun safe yake harararmu ta saman shinge, ya zo ya tambayi abin da muke yi. Na zaci council zai kira. Da na yi masa bayani sai ya tafi, ya dawo da baro cike da busassun rassan tuffa da ya adana a rumfarsa, da tsohon kwanon rufi na tare ruwa. Da itacensa na yi gashi na biyu da na uku, na samu fasassu na lulluɓe na gaba da su, kamar yadda ake yi. Ranar Asabar ta ƙarshe kafin kwamiti na aika wa Dakta saƙo na gaya mata wuri da lokaci. Ba ta amsa ba.

Ƙarfe goma sai ga ta da takalmin roba da wani ɗan akwati a hammata. Mma ta tare ta da kujera da kwanon shinkafa da wake tana ce mini da Hausa, "Wannan ne? Ai bai kai yadda ka faɗa ba, yunwa ne ke damunshi."

Na shimfiɗa itace, na kife tukwane baki a ƙasa, busassu a tsakiya, ɗanyun nan a gefe. Na lulluɓe da tsingaron da suka riga suka sha wuta sau biyu, na rufe da ciyawa. Na yi bismilla na kunna ta ɓangaren da iska ke tafiya. Wuta ta kama, ta zagaye, ta tashi. Minti biyar, shiru. Minti goma, shiru. Na ce a raina shi ke nan, hitar Mma ta busar da su duka, na kaɗe.

Tau!

Dakta ta zabura har shinkafa ta zube. Tau! Tau! Wani abu ya yi tsalle daga cikin wutar ya faɗo kusa da takalminta yana hayaƙi. Ni kuwa guɗa na saki, guɗa ta gaske, a tsakiyar Camberwell, Mma ta kama mini, dattijon nan yana tafi bai san dalili ba. Da wuta ta ci ta yi ja, na kwashe garin katako na zomaye na bulbule rabin tsibin da shi, hayaƙi ya murtuke fari sannan ya kwanta.

Sai bayan azahar muka tona. Na ɓangaren da na bulbule sun fito baƙi, masu sheƙi inda cokali ya bi. Na ɗayan ɓangaren ja. Dakta ba ta ko kalle su ba. Ta durƙusa a cikin toka da wandonta mai kyau, ta tsinci 'yan faifan harbi, ta buɗe ɗan akwatinta ta fito da na tudun a cikin ledarsa, ta jera su a kan kwanon rufi. Ta ɗauki ɓarin marfi nawa mai wuta uku ta ajiye kusa da nata. Ta sa tabarau, ta cire, ta sake sawa. Ni da na yi su ma, ba don lambar tawada ba da sai na yi tunani kafin in raba.

Ta ce, "Shekara talatin ina koya wa ɗalibai cewa an ƙone ƙauyen nan." Ta juya ɓarin a hannunta. "Amma wannan bai tabbatar da cewa ba a yi gobara ba. Sai an sake duba gindin tukwanen, a ga ko an taɓa girki da su."

"Na duba, Dakta. Na akwati na tara ko ɗaya bai taɓa hawa murhu ba."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce in haka ne, mutanen farko ba 'yan gudun hijira ba ne da suka fake a tudu aka bi su aka ƙone. Sun zauna ne har sun san inda yumɓu yake, sun ware gefen gari don wuta. Muryarta ta canja tana faɗa, ta fara magana da sauri kamar yarinya, tana lissafa ramukan da za a sake dubawa. Sannan ta tuna ko ita wace ce, ta gyara murya. Ta ce goma sha ɗayan nan da na ɓatar sai ta rubuta su a rahoto da sunana, ba za ta ɓoye ba. Na ce haka ya kamata. Ta laluba aljihu ta fito da makullin.

"Leda ɗaya a lokaci ɗaya. Harshenki kuma ya zauna a bakinki."

Ta ce akwai sauran abu. In za a rubuta wannan, dole a faɗi daga wa aka samo sanin. Tana son cikakken sunan mahaifiyata, kuma in zai yiwu tana son ta gaishe ta.

Na kira Yaya Asabe a nan tsakiyar toka. Ranar gashi ce a gida, ina hango hayaƙin matoya a bayansu. Inna ta karɓi wayar tana share gumi da gefen zane. Dakta ta rusuna wa waya, wallahi ta rusuna, ta ɗaga tsingaron tudun a gaban kyamara, ni ina fassara. Inna ta ce a juya shi. Ta ce a matso da shi.

"Wannan hadari ta gani ya taso, ta ce bari ta yi maza ta gasa. Ga shi ta yi asara. Amma ta iya guga, hannunta na da kyau. 'Yar wane gari ce?"

Na ce, "Inna, ta rasu da daɗewa."

"Allah sarki. To wancan baƙin na bayanki fa, mai karkataccen baki, wa ya gina shi?"

Na ɗauko shi. Da ɗumi har lokacin. Na ce, "Ni ce, Inna."

Na ga ta kai gefen zanen ga idonta, ta ce hayaƙi ne. Dakta ta matsa tana tambayata me Inna ta ce, ga alƙalami a hannu tana jiran suna.

"Gindin ya yi kauri," in ji Inna. "Ki gaya wa Baturiyar, ba ki gama koyo ba. In sun sallame ki, ki zo ki ƙarasa."

Na fassara wa Dakta duka, ban rage ko kalma ɗaya ba. Sannan na karɓi alƙalamin na rubuta mata sunan da hannuna, na sa sana'ar a gefensa.